Shin Ɗora Ƙarfe a Kan Faifan Garmaho Yana Miƙar da Shi?

Idan faifan garmaho ya lanƙwashe, ɗora masa ƙarfe mai nauyi a tsakiya yayin da yake juyawa zai miƙar da shi, ko kuwa wahalar da na'ura kawai ake yi? Tambayar ta fara yawo ne tun da bidiyoyin masu tara faya-fayai na Turai da Amurka da Japan suka cika wayoyin mutane. Za ka ga mutum ya ɗora faifai, ya ɗauko wani dunƙulen ƙarfe mai sheƙi ya kifa a tsakiya, sannan ya sauke allura. Mai kallo a ƙauyukan Ringim ko Dambatta, wanda mahaifinsa ya bar masa faya-fayai cikin adaka, rabinsu duk sun karkace, sai ya ɗauka ai magani ya samu. Daga nan wani ya nufi wajen mai walda a yanko masa guntun ƙarfe, wani ya ɗauko tsohon boris ɗin mota, wani ma dutsen awo na masu sikeli.

Ƙarfen yana da amfani, amma ba wanda ake zato ba. Yana danne faifai ne muddin yana kansa. Da an ɗaga shi, faifai ya koma yadda yake. Kuma akwai na'urorin da nauyin ke yi wa illar da ba ta gyaruwa a nan kusa.

Me ya dawo da maganar faifai?

A ƙasashen da aka fito da waɗannan bidiyoyi, faifai ya dawo kasuwa da ƙarfinsa. A Amurka, a shekarar 2022, an sayar da faya-fayan garmaho kusan miliyan 41, na sidi kuwa miliyan 33, kuma rabon da a ga haka tun 1987. Kasuwa ta buɗe, masu ƙera kayan ƙawa suka shigo, ciki har da masu yin waɗannan ƙarafa.

Halinmu daban ne. Mutumin can in faifansa ya lalace, sabo zai saya. Namu kuwa na zamanin da kamfanoni irin su EMI da Decca ke ɗaukar mawaƙan Najeriya ne, kafin kaset ya kore su a shekarun 1980. Faifan Mamman Shata da ke cikin adakar wani gida a Gumel, ba wata masana'anta da za ka je ta buga maka irinsa gobe. Shi ya sa nake ganin bai kamata mu kwaikwayi abin da muka gani a waya ba sai mun san abin da yake yi.

Da me aka yi faifan?

Faya-fayai iri biyu ne a gidajenmu, kuma da yawa ba sa bambanta su. Akwai tsohon nan mai kauri da nauyi, mai juyi 78 a minti ɗaya, wanda ake sa wa garmahon da ake murɗawa da hannu. An yi shi da wani ƙaro da ake samu daga jikin ƙwari a Indiya da maƙwabtanta, aka gauraya da garin dutse. Ba ya lanƙwasuwa a hannu, fashewa yake yi. Wannan kam kada a ɗora masa komai, kada a matse shi, kuma kada a goge shi da sifirit, domin narkar da shi yake yi.

Sai na roba, wanda maganarmu ke kansa. Kamfanin Columbia ne ya fito da babban a 1948, mai faɗin santimita 30, mai juyi 33 da sulusi. Shekara guda bayan haka RCA Victor ya fito da ƙaramin mai juyi 45. Robar dangin wadda ake yin bututun ruwa da ita ce. Nauyin babban faifai yawanci giram 120 zuwa 140 ne, masu kauri na yanzu su kai 180. Waƙar tana cikin wani siririn layi guda ɗaya da ya nannaɗe tun daga baki har tsakiya. Kaurinsa bai wuce na gashin kai ba, amma in da za a warware na gefe ɗaya mai minti 20, zai haura mita 400. Allura tana bin wannan layi da nauyin da bai wuce giram 2 ba a na'urori masu kyau, ƙananan na'urori masu araha kuma su kai 4 zuwa 6.

Wannan roba tana fara saki tun zafi bai wuce digiri 60 ba. A watannin Afrilu da Mayu, zafin inuwa ma a Haɗeja ko Maigatari yana haura 40. To ina ga akwatin ƙarfe da aka ɗora kan katako dab da rufin kwano, a ɗakin da ba sili? Ina ga baƙin faifai da aka bari a bayan mota a kasuwar Wudil daga hantsi zuwa la'asar? Zafin ba sai ya narkar da shi ba. Ya isa ya sassauta shi kaɗan, in kuma a jingine yake ko wani abu ya danne gefe guda, sai ya huce a haka. Da ya huce, sabuwar siffar ta zama tasa.

Ba kowace lanƙwasa ce iri ɗaya ba

Nan ne yawancin ruɗanin yake. Ka ɗora faifan a na'ura, ka durƙusa idonka ya yi daidai da bakinsa, ka bar shi ya juya ba tare da ka sa allura ba. Juyi ɗaya daƙiƙa 1.8 ne, saboda haka ido yana iya bi.

In ka ga bakin ya ɗaga ko'ina daidai, tsakiya ta faɗa, faifan ya yi kwari kamar kasko ke nan. Juya shi ɗaya gefen, za ka ga tsakiyar ce ta yi tudu, bakin ya kwanta. Wannan ita ce lanƙwasar da ta fi sauƙin sha'ani.

In kuwa ka ga bakin yana hawa yana sauka, wuri ɗaya ko biyu ya yi tozo, wannan lanƙwasar baki ce. Ita ce ta fi yawa a faya-fayan da suka sha zafi a jingine. Sa allura ka ga yadda hannun na'urar da ke riƙe da allurar ke sunkuyawa yana ɗagowa a kowane juyi. Cire marfin lasifika ka duba babban bakinta: za ka ga takardar tana shiga tana fita a hankali, alhali ba ka jin sautin da ya kai wannan motsi. Tozon ne ke girgiza allura da motsin da kunne ba ya ji, amfilifaya kuma tana ƙara masa ƙarfi tana turawa, tana cin wuta a banza. In tozon ya yi tsini, allurar sai ta yi tsalle ta bar layinta.

Ƙarfen da aka ɗora a tsakiya yana da nisan kusan santimita 15 daga baki. Ba abin da zai yi wa tozon da ke can.

Ƙarfen danni, mamatsi da zobe

Abubuwan da ake gani a bidiyo ba ɗaya ba ne, ko da yake sun yi kama.

Na farko ƙarfen danni ne zalla: dunƙule mai rami a ƙasa, ana zura shi a kan ƙusar tsakiya, nauyinsa ne ke aiki. Yawancinsu daga giram 200 zuwa 600 ne, akwai masu kai kilo guda. A faifan da ya yi kwari, in gefen da tsakiyarsa ta yi tudu ne a sama, ƙarfen zai danna tudun ya kwantar da faifan sarai. Amma in ka juya ɗaya gefen, tsakiyar ta riga ta taɓa faranti, wato abin da faifai ke zama a kai yana juyawa, bakin ne a sama, ƙarfen ba shi da abin dannawa. Gefe ɗaya ke nan ya amfana. Kuma in shimfiɗar da ke kan farantin mai laushi ce ƙwarai, nauyin kan nutsar da tsakiya ya ƙara ɗaga baki, a koma gidan jiya ko ma abin ya fi da muni.

Na biyu mamatsi ne. Shi ba nauyi gare shi ba. Yana kama ƙusar tsakiya ne ya riƙe, ko dai da zare irin na noti in an yi ƙusar da zare, ko da wani baki da ke tsukewa in an murɗa. Kai ne za ka danna da hannu gwargwadon bukata, sannan ka ɗaure. Masu dabara a cikinsu suna zuwa da wata siririyar washa da ake sa wa a ƙusa kafin a ɗora faifai. Washar tana ɗaga tsakiya kaɗan, bakin mamatsin kuma yana danna kewayen takardar suna da ke manne a tsakiyar faifai, sai faifan ya rusuna ta ko'ina har bakinsa ya kwanta. Da wannan dabara ana cin moriyar gefe biyun duka. Kamfanoni irin su Michell na Ingila da SOTA na Amurka sun yi suna a kan irin wannan.

Na uku zobe ne babba da ake ɗorawa a bakin faifai ya zagaye shi. Shi kaɗai ne ke taɓa lanƙwasar baki kai tsaye. Sai dai yana da nauyi, yana da tsada, sai farantin da girmansa ya dace, kuma kuskure kaɗan wajen sauke hannu allura ta daki ƙarfe ta karye. Akwai ma na'urorin da ke zuƙe iskar da ke ƙarƙashin faifai har ya manne da faranti. Waɗannan ba su shafe mu ba, kuma a ƙurar hunturu tamu duk ƙwayar da ke kan faranti cusa ta za su yi cikin layin waƙa.

Abin da na'urar ke ji a jikinta

Wani mai gyaran rediyo da nake zama wajensa ranar kasuwa, dattijo ne da ya fara sana'ar tun ana kawo masa garmaho, wani saurayi ya zo masa da na'ura yana cewa tana gurnani. Dattijon ya cire farantin, ya zaro ƙusar, ya karkata ramin a tafin hannunsa. Wata 'yar ƙwallon ƙarfe da ba ta kai ƙwayar wake ba ta faɗo, man da ke jikinta ya bushe ya yi baƙi. Ya haska tocila cikin ramin ya nuna masa inda ta ci wuri ta yi gurbi.

"Me kake ɗora mata, yaro?"

"Baba, ƙarfe ne na sa aka yanko mini, don faifan ya kwanta."

"To duk nauyin nan a kan wannan 'yar ƙwallon yake sauka. Ita kaɗai."

Gaskiyar ke nan. A yawancin na'urori, faranti da faifai da duk abin da ka ɗora, a kan ɗigo ɗaya suke juyawa. Na'urar da aka ƙera da faranti mai kilo biyu ko fiye, ƙarin rabin kilo ba zai dame ta ba in akwai mai. Technics SL-1200, wadda aka fara fitarwa a 1972, injinta a ƙarƙashin faranti yake kai tsaye kuma yana da ƙarfi, tana ɗauka. Amma ƙaramar na'ura mai farantin roba, ƙarfen giram 600 ya fi farantinta nauyi. Boris, wato 'yar ƙwallon nan da mazauninta, zai ci, siririn bel ɗin da ke jan faranti zai riƙa sulɓewa wajen tashi, ya saki kafin lokacinsa.

Akwai kuma na'urorin da faranti da hannu ke rataye a kan sifirin guda uku, irin su Thorens TD 160 da Linn Sondek LP12. An daidaita sifirin ɗin ne da wani nauyi sananne. In ka ƙara, sai su nutse, faranti ya karkata, kariyar da suke bayarwa daga girgizar ɗaki ta tafi. Su kuwa manyan rediyoyin nan masu kama da akwati, da ke ɗauke da na'urar BSR ko Garrard mai doguwar ƙusa da ke sako faifai ɗaya bayan ɗaya, ba a yi su don a ɗora musu komai ba.

Ƙarfen gida yana da tasa matsalar daban. Ramin faifai milimita 7 ne da ɗan ɗori. In ramin ƙarfen bai zauna a tsakiya cif ba, ko gefe ɗaya ya fi nauyi, kowane juyi yana jan ƙusa gefe. In kuma ƙarfen mai kama maganaɗisu ne kuma yana da faɗi, to kan allurar akwai maganaɗisu a ciki, kuma a ƙarshen waƙa dab da shi yake zuwa.

Masu so da masu ƙi

Ko a can inda aka ƙirƙiro abin, ba a haɗu a kan magana ɗaya ba. Masu so suna cewa allura tana girgiza faifan kansa yayin da take bin layi, kuma in faifan ya manne da faranti sosai, girgizar tana wucewa ƙasa maimakon ta dawo cikin allura. Kana iya gwada wannan: sauke allura a kan faifai ba tare da yana juyawa ba, ka rage murya, ka ƙwanƙwasa kusa da takardar suna da farce. Saurari ƙarar a lasifika, sannan ka matse faifan da mamatsi ka sake ƙwanƙwasawa. Sau da yawa ƙarar tana raguwa ta gajarce. Masu ƙi kuma, ciki har da kamfanonin Linn da Rega, ba sa ba da shawarar a yi amfani da shi a na'urorinsu, domin sun ƙera su ne su yi aiki ba tare da shi ba. Wasu masu saurare ma cewa suke yana kashe wa sauti armashi.

Ni dai a ganina, kwantar da faifai mai kwari abu ne da ido ke gani, ba gardama a kai. Batun daɗin sauti kuwa, a na'ura ta tsaka-tsaki da tsohuwar allura, bambancin bai kai a kashe masa kuɗi ba. Sabuwar allura za ta yi maka abin da ƙarfe goma ba za su yi ba. In dole sai an saya, mamatsi mara nauyi ya fi dacewa da irin na'urorin da ke hannunmu.

Laifin da ba na lanƙwasa ba

Sau da yawa mutum zai ji muryar mawaƙi tana ja tana saki, ya ɗora wa lanƙwasa laifi, alhali ba ita ba ce. In ramin faifai bai zauna a tsakiya ba, za ka ga hannu yana kai-komo hagu da dama, ba sama da ƙasa ba, kuma ba ƙarfen da ke gyara wannan. Bel da ya saki ma yana kawo haka. Sai wuta: na'urori da yawa suna ɗaukar saurinsu ne daga bugun lantarki. Namu 50 ne a daƙiƙa, na Amurka 60. Irin wannan na'ura in an yi ta don Amurka, ko ka sa mata abin rage ƙarfin wuta, juyi 33 zai koma wajen 28, murya ta yi kauri. In kuma ƙaramin janareta ne ke ba da wutar, duk sanda ya yi sama ko ƙasa, waƙar ma binsa za ta yi.

Akwai wata tsohuwar al'ada da ta fi ƙarfen tsakiya ɓarna, wato ɗaura tsabar kuɗi a kan allura don kada ta yi tsalle. Kwabo ɗaya ya ninka nauyin da aka tsara wa allura. Tsallen zai tsaya, amma kowane saurare yana kankare bangon layin, kuma abin da aka kankare ya tafi ke nan.

To yaya ake miƙar da shi da gaske?

Zafi ne ya lanƙwasa shi, zafi ne kuma ke miƙar da shi, amma zafi mai awo. Akwai na'urori na musamman, irin na Furutech da ORB daga Japan, da ke dumama faifai tsakanin faranti biyu a hankali, su riƙe shi, su bar shi ya huce cikin sa'o'i. Suna da tsada ƙwarai, kuma suna bukatar wutar da ba za ta ɗauke a tsakiyar aiki ba.

Dabarar da ake yaɗawa ta sa faifai tsakanin gilashi biyu a shanya a rana, ina roƙon kada a gwada ta a nan. Waɗanda suka ƙirƙiro ta ranarsu ba irin tamu ba ce. Baƙar roba a ƙarƙashin gilashi, a ranar bazara ta Jigawa, cikin ɗan lokaci za ta wuce iyaka. Faifan zai iya fitowa a miƙe, amma layin ya baje, waƙa ta koma shuu. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Dutsen guga da bakin murhu kuwa ba ma a maganarsu.

Abin da ba shi da haɗari shi ne danni mai sanyi. A wanke faifan da ruwa mai tsabta, a bi layi da ƙyalle mai laushi, a bar shi ya bushe sarai a inuwa, domin duk yashin da ya rage nutsewa zai yi. A mayar da shi rigarsa ta takarda, a sa tsakanin gilashi biyu masu kauri ko katako mai santsi da ya rufe shi duka, a ɗora littattafai daidai ko'ina, a manta da shi makonni ko watanni. Ƙaramar lanƙwasa kan ragu. Babba ba ta cika jin wannan ba.

Abin da ya fi gaggawa ga mai faya-fayai a ƙauye

Faya-fayan da ba su lanƙwashe ba tukuna sun fi bukatar kulawa. A tsaye ake ajiye su, a jere, ba a jingine ba, ba kuma a jibge ɗaya kan ɗaya ba. In jerin bai cika akwati ba, a cike gurbin da kwali don kada su kwanta. Ɗakin soro ya fi na kwano sanyi nesa, saboda haka in akwai shi a gidan, can ne wurinsu. A ɗaga akwatin daga ƙasa, a janye shi daga bango saboda gara da danshin damina, domin gara ba ta cin roba amma tana cinye riga da takardar suna, inda sunan mawaƙi da lambar faifan suke.

Wanda ya riga ya karkace kuma ba a da irinsa, a nemi hanyar kwafe shi zuwa kwamfuta tun yana iya juyawa. A nan ne mamatsi ke biyan kuɗinsa, domin saurare ɗaya mai kyau ake nema. In ƙaramin faifai mai juyi 45 ne kuma allura tana tsalle, a juya shi a 33: tozon zai riƙa zuwa a hankali, allura ta samu ta bi, daga baya a mayar da saurin daidai da manhaja irin Audacity, wadda kyauta ce.

Mai saye kuma, ko a hannun 'yan gwangwan ne ko a Sabon Gari, ya zaro faifan daga riga, ya kwantar da shi a kan gilashin kanti, ya danna tsakiya da yatsa. In ya kwanta, ko ya kwanta bayan an juya shi, mamatsi zai iya da shi. In baki ya yi tozon da fensir zai shige ƙarƙashinsa, a saya don rigar da takardar in ana so, amma kada a biya kuɗin waƙa.